Akun Ummaru

Bana shekara talatin da kogin Kwara ya ci ƙanena Ummaru. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake, ana rubutawa.

A shekarun da Turawa ke tattara kayansu, Ummaru ya ƙwallafa rai sai ya zama tafinta a kan iyakarmu da Dahome. Wani malamin firamare a Bagudo ya ɗora shi a hanya, sauran ya riƙa yi shi kaɗai a zauren gidanmu na Lafagu. Ya ce mini wahalar Turanci ba a manyan kalmomi take ba. Kalma guda ce ƙarama, "go", ana ɗaura mata wutsiya ta zama wata aba dabam. Go in, go awut, go on. Haka yake shiga yana fita yana faɗa, in ya kuskure ya yi tsaki ya ce, "A'a, sake." Na ce masa magidanci ba ya wasan yara. Bai ji ba.

Akwai wanda ke saurare: akun da ya sayo wajen fatake.

Ranar kasuwar Dole Kaina kwalekwalensu ya kife. Mutane sun gani, amma ba a sami gawa ba. Muna zaune tsakar gida da rana tsaka, masu gaisuwa sun fara shigowa, sai muryar Ummaru ta fito daga zaure. Go in, go awut. Har da tsakin.

Inna ta miƙe ta naɗe tabarmi. "Ku tashi," in ji ta, "ɗana na nan shina karatu."

Ta hana makoki, ta hana matarsa Hajo shiga takaba. Kullum sai an kai tuwo zaure. Damina ta wuce Hajo na rataye, ba matar aure ba, ba bazawara ba, tana ramewa. Da kunnena na ji ta tana amsa wa tsuntsun da "Na'am, Malam."

A ranar na lulluɓe kejin da zane, na ba wani bafatake da zai ƙetara Dahome. Inna ta leƙa zaure ta tarar da shiru. Ta ce, "Kulu, ke kin kashe shi." Sai a sannan ta yi kuka, aka kira liman.

Yau 'yan makaranta na watsa Turancin nan a bakin kasuwa ba tare da sun yi gumi ba. Ban san ko Ummaru zai yi murna ba, ko zai ji haushi.

Bai bar ɗa ba, ba shi da kabarin da zan ziyarta. Allah Ya jiƙan shi. An ce aku na daɗewa a duniya. In haka ne, yana can wani gida a ƙasar masu Faransanci, ƙanena na ta bitar darasinsa, kuma babu mai gaya masa ko ya yi daidai.