Kawu Bitrus da Kunun Sarakuna

Duk wanda ya taɓa cin abincin Lahadi a gidan Kawu Bitrus a unguwar University Heights, nan Amurka, ya san ba a taɓa tuwo sai ya gama bikinsa. Ana dawowa daga coci zai tuɓe kwat da riga, ya bar nektai a kan singileti, ya jawo kwalbar giyar Bourbon daga bayan firji. Murfi ɗaya yake zubawa, ba ƙari. Sai ya ɗaga sama ya ce, "Ran sarki ya daɗe!" ya haɗiye, ya yamutsa fuska. Wai shi ba giya yake sha ba, kunun sarakuna ne.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na zauna ina karatun nas, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ranar da sabon fastonmu ya zo gaisuwa, matar Kawu, Anti Rifkatu, ta yi ta ƙifta wa mijinta ido ya ɓoye kwalbar. Ina! Dire ta ya yi a tsakiyar tebur.

Fasto ya ce, "Baba, dattijon ikilisiya da wannan?"

"Fasto, da safe me ka sha?"

"Kunun masara."

"To wannan ma masara ce. Naka ne bai yi makaranta ba, nawa ya je Kentaki ya yi digiri."

Sai Fasto ya buɗe addu'a, doguwa kuwa. Kawu ya fi kowa ƙarfin amin.

Abokin gardamarsa shi ne Malam Isufu, mutumin Maraɗi mai teburin turare da huluna a titin 125th Street. Musulmi ne, ko warin abin ba ya so, amma tuwon Anti da musu da Kawu ba sa wuce shi. Wata rana Kawu ya kafe wai kalmar Bourbon tamu ce, burukutu ce Bature ya kasa faɗa ya gutsure mata wutsiya.

Malam Isufu ya ce, "Haba Bitrus! Sunan gidan sarautar Faransa ne, mun karanta a lakwal, makarantar boko ke nan. Sun taya Amurkawa yaƙi da Ingila, aka sa wa wata gunduma sunansu a jihar Kentaki, giyar ta ɗauki sunan gundumar. Voilà, shi ke nan!"

"To su sarakunan a gidan uban wa suka samo shi?"

Autar Kawu, Ladi, wadda ake yi wa Hausa ta mayar da Turanci, ta duba waya. Ta ce sunan wani gari ne a Faransa mai rijiyar ruwan zafi, garin kuma ya ci sunan wani gunkin mutanen da, ma'anarsa ruwa mai tafasa yana fitowa daga ƙasa.

Kawu ya miƙe zumbur, har miya ta fantsalar masa a nektai. "Ruwa mai ɓuɓɓugowa! Ɓuɓɓuga, Ɓurbon! Kun ji ko? Ashe har sarakunan ma Hausawa ne!"

Malam Isufu ya ce, "Ɗazu fa burukutu ka ce."

"Ɗazu ban zurfafa bincike ba."

Daga baya likita ya ce sukari ya hau, hanta kuma ta gaji, ko ɗigo kada ya ƙara. Kawu ya ce likitan yaro ne, ko gemu bai yi ba. Anti ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza. Na same ta a kicin tana share hawaye, ta ce ita ba ta bar Kafanchan don ta koma da akwatin gawa ba. Ran Asabar ta tuttular da kwalbar a sinki, ta cika ta da baƙin shayi mai sanyi.

Lahadi ta zo. Kawu ya zuba, ya yi wa sarki gaisuwa, ya haɗiye. Fuska ba ta yamutse ba. Ni kam na fara neman hanyar ƙofa. Ya daɗe yana kallon Anti, ita kuma tana kallon silin.

"Isufu, yaya ma aka yi da sarkin nan na Faransa?"

"Talakawa suka yi bore, suka fille masa kai."

"To. Talakawan gidan nan ma sun yi bore." Ya nisa. "Maman Ladi, sabuwar gwamnati ta riƙa sa citta."

Bai sake sayen wata ba. Amma kuma bai taɓa yarda a kira abin shayi ba, da murfi yake sha, da gaisuwarsa da komai. Har ya riƙa miƙa wa Malam Isufu yana cewa, "Sha abinka, sarki ya musulunta."

Da dabarar nan Anti ta samu ƙarin shekaru da mijinta, har ya ga auren Ladi, kafin wani hunturu ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Mu da muka taru a nan don tunawa da shi muna dariya, amma ku duba junanku. Da yawanmu shi ya ɗauko daga filin jirgi, a kujerar falonsa muka yi kwanan farko a ƙasar nan, da rigar sanyinsa muka fita neman aiki. Bai taɓa tambayar kowa coci yake zuwa ko masallaci ba, sai dai ko ya ci abinci.

Ubangiji, bawanka ya karɓi baƙi da yawa. Kai ma ka karɓe shi, ka ba shi hutu, ka riƙe mana Anti Rifkatu. Amin.