Neman Mai Gyaran Kofato a Bayan Darki

Laraba: Kausani zuwa Wudil

Ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba, na turo kekena daga zaure. Baffana Malam Isiyaku, yayan mahaifina, ya riga ni fitowa, yana zaune a kan buzu a bakin barga. A gabansa dokinsa Bidi yana tsaye da ƙafa uku, ya ɗage ta gaba ta dama, kwana shida ke nan bai yarda ta taɓa ƙasa ba.

A shekarar nan ce da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, kuɗi ya zagaya gari, wanda ba shi da babur yana shirin saye. Ni tela ne, kuma ɗinki ya yi mini yawa a lokacin. Baffa kuwa ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun ƙi, shekara goma sha uku Bidi ne ƙafarsa. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa Juma'a, da shi yake zuwa suna da gaisuwar rasuwa. Ɗansa Alhaji Garba, ɗan kwangila a Kano, ya yi masa gata a wannan damina: ya rufe gidan da kwano, ya shafe bargar da siminti, ya sauke wa dokin buhunan dawa. Da labarin gurguncewar ya kai masa, sai ya aiko cewa ranar Juma'a zai zo da mota a kai Bidi kasuwar Wudil a rabu da shi, ya sayo wa Baffa babur, a samo mai tuƙa shi.

Baffa ya miƙo mini wani kwanon sha a rufe, an ɗaure shi da tsumma. Ya ce, "Sale, laka ce a ciki, na danna kofaton a kai. Ka je Darki ka nemi Audu Mai Kofato. Shekara tara rabona da shi, ban san ko yana raye ba. In ba zai iya zuwa ba, ka nuna masa wannan."

Na ce, "To Baffa, Allah ya sa a dace."

Hanya duk taɓo, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu. Sau biyu ina sauka in tura keken. Ƙarfe shida da minti ashirin na shiga Wudil, motocin tifa har sun fara haurowa daga kogi da yashi, ana kai wa masu gine-gine a Kano. Na ajiye keken wajen wani mai shayi da muka saba, na sha shayi da burodi na kwabo goma.

Ƙarfe takwas na leƙa asibitin dabbobi. Malamin dabbobin matashi ne mai fara'a, na same shi yana ɗaure akwatin allurai zai fita rigakafin shanu a rugage. Ya saurare ni har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Gaskiya Malam, shanu na sani. Kofaton doki sai abin da na karanta a makaranta. Ka samo tsohon nan. Amma in rauni ne a ciki, dokin yana bukatar allura saboda ciwon nan mai sandarar da jiki. Zan biyo Kausani jibi da safe." Na ji daɗin wannan magana, don ba kowane mai takarda ke cewa bai sani ba.

Wudil zuwa Darki

Ba ranar kasuwa ba ce, mota ta ƙi cika. Muna zaune a bayan wata a-kori-kura tun tara, ba mu tashi ba sai sha ɗaya da rabi. Kuɗin mota sule uku. Mu goma sha huɗu ne, ga buhun gishiri biyu da akuya ɗaya.

Ba mu yi mil huɗu ba muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani kofur ya zagayo baya, idonsa ya sauka a kan kwanon da na rungume.

"Mene ne wannan kake ta lallaɓawa?"

"Ranka ya daɗe, laka ce."

Ya sa na kwance. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Daga Wudil ka biya kuɗin mota ka ɗauko laka za ka kai Darki? Can babu ƙasa ne?" Duk motar aka fashe da dariya. Da na yi masa bayani sai ya mayar da murfin da kansa, ya ce mahaifinsa ma yana da goɗiya a garinsu. Ya ce wa direba, "Ka bi a hankali, kana ɗauke da ƙafar doki."

Sha biyu da minti ashirin da biyar muka sauka a Darki, tafiyar kamar mil goma. Na nufi maƙera. Babban maƙerin ya ajiye masaba ya ce, "Baba Audu? Yana nan da ransa, sai dai ya bar sana'ar, ido ya yi rauni. Yana wajen 'yarsa a wani ƙauye, mil uku gabas." Kafin in yi sallama sai ruwa ya kece. A rumfar maƙera na yi azahar da la'asar, suka ba ni fura mai kyau da nono, suka ƙi karɓar ko kwabo.

Darki zuwa ƙauyen Baba Audu

Ƙarfe huɗu da rabi ruwa ya ɗauke, na kama hanya a ƙafa. Akwai wani rafi a tsakani da ya kawo, na naɗe wando, na ɗora kwanon a ka na tsallaka, ruwa iya cinya. Shida saura kwata na yi sallama a ƙofar gidan Malam Habu, surukin tsohon.

Baba Audu ɗan siririn tsoho ne, yanar ido ta rufe masa gani, amma hannayensa manya kamar ba nasa ba. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Baffa da iyali da damina. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya girgiza kai.

"Ɗan nan, na bar wannan. Shekara uku ba wanda ya neme ni. Dawakin duk sun koma babur, shi kuwa babur maganin ƙafarsa na wajen mai faci."

Na buɗe kwanon na ajiye a cinyarsa. Ya sa yatsa. Ya bi gefen sawun a hankali, ya dawo, ya sake bi. Sai na ga ya gyara zama.

"Wannan dokin ba a hawansa sosai bana."

"Haka ne Baba, tun farkon damina ana ta aikin gini a gidan."

"Na ji a hannuna. Gaban kofaton ya yi tsawo kamar cokali. Kofato farce ne, daga sama yake tsirowa, wajen da gashi ya ƙare, kullum yana saukowa. Tafiya ce ke cinye shi. In doki ya zauna a turke, sai an yanke masa. Ga tsaga nan kuma a gefe. A kan me yake tsayawa?"

"Siminti."

"Fitsari na tafiya ko yana kwanciya?"

Na ce yana kwanciya. Ya tambaya ko ƙarƙashin kofaton yana wari, na ce yana yi, har da wani baƙin ruwa. Ya ce wannan ruɓa ce ta danshi, ita da tsagar duk masu sauƙi ne, ba sa sa doki ya ɗage ƙafa dare ɗaya. Ya ce, "Akwai abin da ya shiga ciki. Laka ba za ta faɗa mini ba, sai na taɓa." Ya ɗaga murya ya kira 'yarsa ta nemo masa jakarsa ta fata a ƙarƙashin gado.

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, da dafaffiyar gyaɗa sabuwa. Aka yi mini shimfiɗa a zaure, na yi barci mai daɗi.

Alhamis: komowa

Ƙarfe shida muka tashi, Baba Audu a kan jakin Malam Habu, rafin ya janye. Ranar ta dace da kasuwar Darki, motoci birjik, nan da nan muka samu motar kiya-kiya mai kujeru. Direban ya sa tsohon a gaba. Shi kuwa duk hanya yana rungume da jakarsa yana ba direba labarin wani doki da ya yi wa aiki tun kafin a yi kwalta. Goma da rabi muna Wudil. Na sayo soyayyen kifi na sule biyu muka ci, na sayi gishiri da kanwa da bagaruwa kamar yadda ya umarta.

Matsalar ita ce yadda zan kai shi Kausani, don ba zan goya tsoho a keke cikin wannan taɓo ba. Mun fi awa biyu a bakin hanya. Can wani direban tifa mai suna Ɗanladi ya tsaya shan shayi, ya ji zancenmu, ya ce ai yashi zai kai wajenmu. Aka jefa keken a kan yashin, mu uku a gaba. Uku saura minti ashirin ya sauke mu a ƙofar gida, na ɗauko kuɗi ya ce in mayar.

Baffa ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta hana. Tsofaffin nan biyu suka riƙe hannun juna suna "Ashe za a gana", sun fi minti biyar ba su saki ba.

Baba Audu bai ko sha ruwa ba ya ce a kai shi. Ya fara shafa wuyan Bidi yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya gangaro da hannu har kofato. Ya ce, "Zafi kamar tukunya. Sale, taɓa nan bayan ƙafar, ka ji jijiya tana bugawa? Mugunya ce ta taru, ba ta da hanyar fita." Na riƙe ragama, ya naɗe ƙafar a tsakanin cinyoyinsa, ya kankare dattin da wata lanƙwasasshiyar wuƙa. Yana ƙwanƙwasawa da ƙotar wuƙar, wuri bayan wuri, har ya zo inda dokin ya zabura. Ya fere wurin kaɗan kaɗan, ya sa awartaki ya ja. Sai ga guntuwar ƙusar kwano, tsawon gaɓar yatsa, ta yi tsatsa. Baƙar mugunya ta biyo baya. Bidi ya yi wata doguwar ajiyar zuciya da duk wanda ke wurin ya ji.

Aka tsoma ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri, aka wanke ruɓar da ruwan bagaruwa, aka naɗe da tsumma mai tsabta da guntun buhu. Ya rage tsawon sauran kofatan uku, ya goge da magagari. Kafin magariba Bidi ya ajiye ƙafar a ƙasa, a hankali, kamar mai gwada zurfin ruwa. Baffa ya juya fuska yana gyara rawani, muka yi kamar ba mu gani ba.

Juma'a: a gida

Malamin dabbobi ya cika alkawari, bakwai da rabi ya iso a babur ya yi allurar. Ya tsuguna gaban Baba Audu yana tambaya yana rubutawa a ɗan littafi. Tsohon ya ce masa tsagar ba ta haɗewa, sai dai sabon kofato ya turo ta ƙasa a yanke, kuma kafin kofato ya sake gaba ɗaya sai damina ta kusa zagayowa. Ya ce a rage dawa, don yawan hatsi ba aiki shi ma yana sauka a ƙafa, a ƙara harawa, a riƙa duba ƙarƙashin kofato kullum da safe.

Ƙarfe tara Yaya Alhaji ya iso da motar da za ta ɗauki dokin. Ya tarar da Bidi a tsaye da ƙafa huɗu yana cin harawa. Baffa bai yi masa faɗa ba, ya dai ɗora masa ƙusar a tafin hannu. Alhaji ya juya ta, ya ɗaga kai ya dubi rufin da ya yi. Ya ce, "Baba, ni na yi wannan."

Baffa ya ce, "Alheri ka yi niyya, Garba. Ƙusa ce ta faɗi."

Alhaji ya tuɓe babbar riga ya rataye a turke, ya aro diga a maƙwabta, shi da direban suka farfasa simintin bargar. Motar da ta zo ɗaukar doki ita ta koma ta ɗebo yashi mai laushi aka zuba.

Ban mayar da Baba Audu ranar ba. Labari ya bazu a masallacin Juma'a, washegari aka wayi gari da dawaki uku da jaki a ƙofar gidanmu. Kwana tara ya yi a Kausani, kuma Alhaji ne ya mayar da shi gida da kansa. Bayan mako shida Baffa ya sake hawa Bidi, ina riƙe masa likkafa, ya tafi duba gyaɗarsa shi kaɗai.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa maƙeran Darki da Malam Habu da suka ci da ni, da Ɗanladi mai tifa, da malamin dabbobi, da kofur ɗin da ban san sunansa ba. Baba Audu da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya sa tamu ta yi kyau.