Yadda Inna Ta Zaɓa Mana Unguwa

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu a firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Beri. Dawa ta yi tsawo har ta kai tagogin ajinmu na baya. Malam Audu yana rubuta lissafi a allo sai ya tsaya cak, alli a hannunsa, ya karkata kai. Mu ma muka ji. Ƙarar babura ce masu yawa, tana tahowa ta hanyar rafi, inda ba mai bi da babur sai mutanen daji. "Ku fita ta taga, ku shige cikin dawa, kada wanda ya waiwaya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, kuma wannan sanyin muryar ya fi ihu firgita ni. Na dira ba takalmi, na yi ta gudu ganye yana yankar fuskata, na kwanta rub da ciki tsakanin kunyoyi. Ina jin harbi daga wajen kasuwa, ƙanena Isiya kuma yana aji ɗaya, ban san inda ya nufa ba. Sai bayan la'asar aka same shi a cikin rumbun wata tsohuwa da ta ɗaga shi ta jefa ciki. Ranar aka kore shanun gari, aka tafi da wasu magidanta. Makarantarmu ba ta sake buɗewa ba.

Kafin wannan rana ban san ana zaɓen wurin zama ba. Inda aka binne cibiyarka nan ne gida. Da safe mu ɗebo ruwa a rafi, mu taya Inna surfe, in rana ta take mu kai wa Baba fura gona, da yamma mu yi carafke a gindin tsamiya har a kira mu cin tuwo. Bayan harin duk wannan ya tsaya. Ko sakaina ce ta faɗi sai kowa ya miƙe tsaye. Da aka gama girbi, Baba ya ce za mu koma Kontagora, inda ƙanin Inna, Kawu Tanko, yake tuƙa Keke Napep.

Ranar duba gida Inna ta ce ƙafarta ƙafar Baba, mu ma ta tafi da mu, don tun ranar rumbu Isiya ba ya sakin zanenta. Kawu ya fara kai mu bakin gari. Gida ne mai faɗi, da rijiya, da mangwaro, da wurin ɗaure awaki, ga fili a baya da za a iya shuka gyaɗa. Na ga fuskar Baba ta washe, abin da na daɗe ban gani ba. Ga kuma makarantar gwamnati kusa, sabon fenti yana ƙyalli. Inna ko ɗakunan ba ta leƙa ba. Ta miƙe zuwa makarantar, ta zagaya bayanta, muna biye. Babu katanga. Daga ajin ƙarshe sai ciyawa, sai wata siririyar hanya da ta shige daji. Ta tambayi wata mai sayar wa yara awara, "Baiwar Allah, in aka yi gudu, ina yaran nan ke shiga?" Matar ta ce sai dai Allah ya kiyaye. Ni kuwa na riga na hango kaina kwance cikin wannan ciyawa. Inna ta dawo ta ce wa Baba, "Malam, mun baro daji, ba za mu zauna a bakinsa ba."

Gida na biyu yana can cikin gari, bayan kasuwa, a wani lungu da ko keken Kawu bai iya shiga ba. Ɗaki biyu ne a gidan haya, tsakar gida ɗaya da wani tela Banufe da wata Badukkiya, Maman Talatu, wadda ta shimfiɗa mana tabarma tun ba ta san sunanmu ba. Kwata tana wari, zafi kamar a tanda. Makarantar unguwar tsohuwa ce, amma tana da katanga da ƙofar ƙarfe, gidajen mutane sun kewaye ta ta ko'ina. Inna ta zauna a gindin wata darbejiya da ke ƙofar makarantar har aka tashi yara. Ta lura malamai ba su riga yara fita ba. Ta tare wata yarinya ta karɓi littafinta, ita da ba ta iya boko ba, tana buɗe shafi-shafi tana neman jan biro, ta ga ko ana duba aikin yara. Ta ga matan lungu a bakin ƙofofi suna kiran 'yan makaranta da sunayensu. Baba ya ce, "To awakina fa?" Ta ce, "Akuya ana sake saye." Kafin mako ya zagayo ya kai su kasuwa.

Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne Kontagora garin babura ne. 'Yan kabu-kabu ba sa hutawa, ni kuma duk wanda ya wuce sai na waiwaya ina neman wurin ɓuya. Wata safiya muna cikin darasi na ji babura sun taho a jere, da yawa, suna matsa ham. Ban san lokacin da na dira ta taga ba. Na faɗa ajin su Isiya, na fizgo shi, na ja shi bayan tankin ruwa na danne kansa. Malama Hauwa, malamar ajinmu, ta same mu a can. Ba ta ɗauko bulala ba. Ta kama hannuna zuwa bakin ƙofa ta nuna mini: abokan ango ne, suna ta kaɗa hula. Da muka koma aji yara suka fashe da dariya. Sai ta ce duk wanda ya baro ƙauyensu saboda mutanen daji ya ɗaga hannu. Hannu ya fara tashi ɗaya bayan ɗaya, har da na yarinyar da muke benci ɗaya. Dariyar ta mutu.

A wannan makaranta na gama firamare, a wannan lungu na girma. Yanzu Baba yakan je gonarsa ta ƙauye in an ce hanya ta yi sauƙi, ya dawo da rana tsaka, wata shekarar kuma ba ya zuwa sam. An ce rufin ɗakin Inna na can ya rufta. Isiya ya zama ɗan birni, ko sunayen gonakinmu bai riƙe ba, ni ce nake lissafa masa su in kewa ta taso mini. Mun sami inda muke kwana lafiya, amma gida har yanzu yana can.