Baba Ku-Tura da Ramin da Aka Toshe da Fenti

Dillalin da ya sayar wa ƙanena tarakta bara mugu ne. Ya san abin da ke cikinta, ya rufe da fenti, ya rantse cewa lafiyarta lau. Zan dawo kansa. Yau wanda ya tona asirinsa nake yi wa jinjina, domin ciwon gwiwa ya hana shi shiga ƙarƙashin mota, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa garejinsa ga mijin 'yarsa.

Baba Ku-Tura muke ce masa. Da sassafe yake share gareji, ya jera sifanoninsa a kan buhu, ya zauna kan tsohuwar taya. In aka kawo tarakta, irin tsofaffin nan da suka girme masu su, lambar jikinsu ta goge, ba ya fara da kunna ta. Giya zai sa, ya sauko, ya ce, "Ku tura mu gani."

Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ni tambaya ce makarantata, don haka na tambaye shi.

Ya ce, "Murfi da fenti kowa na iya canzawa, giyabos nake nema. Akwai wadda sai ka tsaya cik kafin ka canza giya, in ba haka ba ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Akwai mai canzawa tana tafiya. Waɗannan in suna cikin giya, ba sa gusawa sai injin ya juya. Amma akwai mai ɗan hannu kusa da sitiyari, wadda ƙarfin mai ke canza wa gudu. Ita in tana ƙaramin gudu, injin ja kawai yake yi, ba ya riƙewa. A gangara sakinka za ta yi."

Ƙanena ya sayi tasa ne don kwasar mata masu girbi zuwa gonar da ke ƙasan tudu, bayan gada. Ranar farko batir ya ƙi. Mata na zaune a tirela, har da matarsa da gwaggonmu. Aka yi ta turawa, ba ta tashi ba. Aka kira Baba.

"Kun tura a giya ta tafi sumul?"

"Kamar baro, Baba."

"To, ka gode wa batirin nan."

Ya bi wani bututun mai da yatsa, daga giyabos har gaban lagireto, ya yi tsaki. Mai ɗan hannun nan ce kaɗai ke da irin bututun. Ya kankare gefen sitiyari da sukundireba, sai ga rami. Nan ɗan hannun yake a da. Babban gudun ya lalace, shi ne dillali ya cire hannun, ya ɗaure ta a ƙarami da waya, ya sayar a matsayin mai giya ta gargajiya.

Ƙanena ya fara magiya. "Baba, yau kawai. Zan bi a hankali."

"Hankalin naka ne zai sauka ya riƙe taya?"

Gwaggo ta leƙo daga tirela. "Kai tsoho, rana na yi, ka bar mu mu tafi."

"Ku taka da ƙafa, ƙanwata. Ƙafa birkinta na ci."

Ba su yarda ba, sai da ya nuna musu. Ya sa batirinsa, aka sauke mata, aka loda buhunan yashi. Ya hau da kansa, ya bi 'yar gangarar bayan gareji. Mun ga ya miƙe tsaye a kan birki, amma tarakta ba ta tsaya ba sai da ta cusa hanci a tulin ƙasa. Gangarar gada ta ninka wannan, kuma ƙarshenta ruwa ne. Gwaggo ta ɗaura gyalenta a ƙugu, ta kama hanya da ƙafa.

Baba, kai ne ka yarda a kira ka mai taurin kai da safe, don kada a yi jana'iza da yamma. Kai ne ba ka taɓa cewa "ai duk ɗaya ne" ba. Mun gode. 'Ya'yan ƙanena suna da uwa a yau, kuma ni na san hannun da Allah ya bi. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka huta da daɗi.

Ku kuma makanikan yanzu masu kallon fenti ku yanke hukunci, ku je ku tura wa Baba tarakta kafin ya bar garejin. Ku yi tambaya, ba a mutuwa don an tambaya.

Dillalin ya ce bai san da ramin ba. Mai fentin da ya sa ya toshe shi ya ba da shaida. Ƙungiyar dillalai ta kore shi daga kasuwa, alƙali ya tura shi gidan yari.