Ganyen Teku a Miyar Kuka

Ko sallar asuba ba a idar ba muka bar unguwar Mabera a Sakkwato, ni da ƙanena da zai raka ni Abuja in hau jirgi. 'Yata ta haihu a ƙasar Ayalan, inda mijinta ke aikin asibiti, kuma muryarta a waya ba ta yi mini daɗi ba. An ce jininta ya yi ƙasa, abinci kuma ya ƙi shiga.

Daga Talata Mafara zuwa Gusau kowa a motar idonsa na kan daji don tsoron 'yan bindiga. Ko 'yan tallan ƙwai da suka tsawwala kuɗi ba wanda ya tsaya yi musu ciniki. A jirgi aka miƙo mini wani abu fari mai sanyi, na mayar da shi da godiya, na ci ƙuli-ƙulina.

Garinsu a bakin teku yake, ruwan sama ba ya ɗaukewa, rana kuwa sai ta leƙo ta koma kamar mai jin kunyar surukai. Da na ga 'yata gabana ya faɗi. Leɓenta ya yi fari, ko jaririn da ƙyar take ɗauka. Na yi tuwo, na yi kunu, loma biyu take yi ta ture.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta kawo mana busasshen ganye ja-ja a takarda, wai sunansa dals, a duwatsun teku ake tsinkarsa a shanya. Ta ce da shi uwarta ta rene su. Na shinshina, ƙarnin kifi ya buge ni.

"Wanga abu za a ba mai jego?" na tambayi 'yata.

"Inna, ki ɗanɗana tukuna."

Gishiri-gishiri ne, da ɗan gardi kamar daddawa. Duk da haka ban yarda ba sai da mijinta ya tambayi likitarta. Likitar ta ce yana da sinadarin ƙarin jini da wanda ke hana maƙoƙo, amma kaɗan za a riƙa sawa, kuma kar a bar magani.

Na murmushe shi a miyar kuka, ina bismilla. 'Yata ta cinye, ta ce a ƙara. Na juya baya na share hawaye, yinin nan kuma ban daina leƙa ta ba, ko cikinta zai murɗa. Lafiya lau.

Na dawo Sakkwato na bar ta tana iya hawa bene, amma ba ta gama murmurewa ba, hankalina har yau rabi yana can. Na koyi cewa kowace ƙasa da zogalenta. Jiya ta kira, ina jin ƙarar cokali a kwano. Na yi ta sauraren yadda take cin abinci.