Shanyar Shinkafa a Gefen Titi

A farkon shekarun dubu biyu, da aka sake zuba wa titin garinmu kwalta, sai muka gano babu wurin shanyar shinkafa kamarsa. Mata su turara, mu maza mu kwaso a buhu mu baza a gefen titi. Kwalta tana ɗaukar zafi da wuri, kuma ba yashi a kanta, don haka masu injin casa na Kura ba sa ƙorafi. Don kada mota ta taka, sai mu jera duwatsu a bakin shanyar. Wurina yana daidai kwanar da ake karyawa a nufi gadar kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, kuma duwatsuna sun fi na kowa girma.

Wannan gefen kuwa shi ne hanyar mai tafiya a ƙasa da mai keke. Da muka mamaye shi, sai suka koma tsakiyar titi, suna haɗa hanya da 'yan acaɓa da manyan motocin da ke ɗaukar kwandunan tumatir. Ni babur nake hawa, ban san wahalar ba.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, da keke yake zuwa gonar albasarsa a bakin kanal. Gwiwoyinsa ba sa jure doguwar tafiya, jinsa ma ya ragu, amma in ya hau keke sai ka rantse saurayi ne. Wata safiya ya kauce wa shanyata, bai ji motar da ke tafe a bayansa ba. Allah ya taƙaita, direban ya karkata, shi kuma ya faɗa kwata ya gurje hannu. A ranar 'ya'yansa suka ɗauke keken suka kulle a ɗaki. Babban cikinsu ya zo ya durƙusa a gabana, ya ce, "Baffa, gara ya zauna a gida mu riƙa ganinsa." Bai ambaci shanya ba. Shi ma Yaya bai taɓa ambatonta ba. Amma in babu keke babu gona, kuma Yaya ba mutumin zaman zaure ba ne.

Mai unguwa ya tara mu bayan la'asar a ƙofar masallaci. Shawararsa ita ce a bar gefen da nake shanya, daga masallaci har gada, a shata shi da duwatsu masu farar ƙasa don masu ƙafa da masu keke. Shanya ta koma tsohuwar masussuka a bayan gari. A kwanar kuma a roƙi ƙaramar hukuma ta yi ɗan tudun da zai sa mota ta rage gudu. Ni na fara miƙewa na ƙi. Na ce masussuka duk yashi ne, ga awaki, ga nisa. Har na ce ai mai keke yana da ido. Mai gyaran keke na bakin kasuwa, wanda magana ba ta wuce shi, ya ce, "Malam, mu dai a yi mana adalci. Shinkafarka tana kwance tana shan rana, mu masu rai muna kauce mata." Aka yi dariya, ban da ni. Da yake na fi kowa shanya, sauran suka bi bayana, aka watse ba a tsayar da komai ba.

Bayan 'yan kwanaki na je gaishe da Yaya. Na same shi a kan tabarma, hannun ya kama warkewa. Ya tambaye ni ko an saki ruwa a ɓangarensu. Ya ce yaran suna zuwa ban ruwa, amma hannunsu da nauyi, suna cika wa albasa ruwa. Sai ya ce, "In ka sami sarari ka leƙa min ita. Ba sai ka yi komai ba, ka dai zo ka faɗa min yadda ganyen yake."

Babur ɗina yana wurin gyara, sai na tafi a ƙasa. Da na iso kwanar, shanyata ta tare ni, dole na gangara tsakiyar titi. Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta fizgi rigata. A gabana wata Bafillatana ce ɗauke da ƙwaryar nono, ta daɗe a tsaye tana jiran motoci su lafa. Ba ta san shinkafar tawa ce ba, har ta yi min sannu. A gona kuma na tarar ganyen albasa ya fara rawaya.

Na koma na faɗa wa Yaya gaskiyar ganyen. Ya gyaɗa kai. Na so na roƙe shi gafara, amma ban roƙa ba, har yau ina jin abin a raina. Washegari na kwashe shanyata da duwatsuna, na je wurin mai unguwa na ce na amince. Muka yi gayya muka share masussuka, mata suka zo suka yi mata daɓe irin na tsakar gida, ya yi santsi, babu yashi ko kaɗan. Wasu masu shanya sai da aka yi ta fama da su, tudun kwanar ma ya daɗe bai zo ba. Amma gefen titi ya buɗe.

Albasar shekarar ba ta yi kirki ba. Yaran dai sun fito da keken, bisa sharaɗin ba zai fita daga cikin fararen duwatsu ba. Safiyar farko na bi shi a baya a hankali da babur. Da muka isa gada ya sa ƙafa a ƙasa, ya waigo, ya ce, "Koma ka kori awaki daga shinkafarka. Na san hanya." Na kashe babur na tsaya a nan, har ya gangara bakin kanal.