Tawada a Farcen Kawu

Ina koyarwa a wata firamare a Samaru lokacin da na samu aikin wucin gadi na zaɓe. Kwana uku aka yi ana horar da mu a Sabon Gari, a wani zaure mai zafi, ana nanata mana magana ɗaya: wanda na'urar tantancewa ba ta gane shi ba, ba zai jefa ƙuri'a ba, ko waye shi. Na gyaɗa kai har da jin daɗi, don ni a lokacin gani nake ƙasa ta kama hanyar gyaruwa, kuma da hannuna za a gyara ta.

Sai aka tura ni ƙauyen su mahaifiyata, can bayan Samaru ta wajen Shika.

Mun kafa tebur a gindin ɗorawa. Kafin hantsi na fahimci abin da ya tara jama'a haka. Wani attajirin ƙauyen, wanda ya saye rabin fadamar garin, ya sa an yi shela cewa duk wanda ya nuna tawadar zaɓe a farcensa, ya je gidansa ya ɗauki buhun taki. Damina na tafe, taki kuma ya fi ƙarfin talaka. Ba wanda na ji yana zancen 'yan takara a layin nan, kowa lissafin shuka yake yi.

Wajen azahar Kawu ya iso gabana. Yayan mahaifiyata ne, shi ya sayar da sansa na huɗa aka kai ni kwalejin malamai, tun daga nan da fartanya yake noma. Gonarsa ta gaji, in ba taki ko masarar tuwo ba ta bayarwa.

"Malam, yau mu ne a gabanka," ya ce yana dariya. Haka yake tsokanata.

Na kama babban yatsansa na ɗora a kan na'ura. Ta ƙi. Kantar noma ta cinye zanen yatsan ƙarƙaf, ya yi sumul kamar bayan ludayi.

"Kawu, a ɗan goge a jikin riga."

Ya goge. Ya lasa. Wata tsohuwa ta miƙo ɓarin lemun tsami ya murza. Muka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya. Na gwada fuska, ita ma ta ƙi, don hoton katinsa tun kumatunsa na cike ne, haƙoransa ba su zube ba. Ɗan attajirin nan, wanda bai taɓa riƙe ƙotar fartanya ba, da taɓawa ɗaya ya wuce ɗazu. Haushi ya ishe ni, na rasa wa zan zaga.

"Kawu, a yi haƙuri. Ta ƙi."

Ban iya kallonsa ba. Ya sunkuyo, ya rage murya.

"Bar musu takardarsu, ɗan nan. Ba ita ta kawo ni ba. Shafa mini abin nan kawai."

Alƙalamin tawadar na nan kusa da hannuna. An ce kada a shafa wa kowa sai wanda aka tantance. Wakilan jam'iyyu sun koma gefe suna rabon abinci. Na tuna rantsuwar da na sa wa hannu a Sabon Gari, na kuma tuna rumbunsa da na leƙa bara na gan shi wayam tun kafin bazara. Na jawo hannunsa kamar zan sake gwadawa, na ja masa layi a gindin farce.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce, ya tafi yana kare yatsan da ɗaya hannun kada ya goge.

Da na ɗago kai na ga sauran waɗanda na'ura ta ƙi tun safe, maza da mata, suna zaune a inuwa. Sun ga komai. Wani dattijo, maƙwabcin Kawu a gona, ya taso a hankali ya miƙo mini hannunsa, tafinsa duk faso. A daidai lokacin wakilan suka dawo kan bencinsu.

Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi ta ƙarfi. Na rufe alƙalamin na ce masa, "Baba, doka ta hana."

Ya dubi bayan Kawu da ke tafiya, ya dube ni.

"Haka ne," ya ce. "Ni ɗana bai yi boko ba."